Cinikin Biri a Sama

Ƙannena maza da mata, na ga a 'yan shekarun nan da yawanku kun koyi leƙa shafukan gwanjo na intanet. Ɗalibi na neman kwamfuta ta hannu mai sauƙin kuɗi, mai ɗaukar hoton biki tana neman kyamara, wani kuma ya haɗa 'yan kuɗinsa da na yayansa yana so ya ciro mota daga Amurka ya juya ta a Kano ko Kaduna. Babu laifi a nan. Neman na kai ne, kuma malamanmu na fiƙihu sun halatta a fito da kaya a ce wa zai ƙara. Sai dai ina so ku riƙe abu ɗaya tun kafin mu yi nisa: adadin da kuke gani yana ƙyalli a fuskar waya somin-taɓi ne kawai. Ainihin kuɗin kaya shi ne abin da ya fita daga aljihunka har suka iso ƙofar gidanka suna aiki, kuma wannan lissafin da sanyin kai ake yin sa, kafin agogon gwanjo ya fara gudu.

Babban gidan wannan harka shi ne eBay. Wani masanin kwamfuta mai suna Pierre Omidyar ne ya buɗe shi a jihar Kaliforniya a watan Satumba na 1995 da sunan AuctionWeb, kafin a sauya masa suna a 1997. Kamfanin da kansa yana ba da labarin cewa cikin kayan farko da aka sayar akwai wata 'yar tocilan ta nuni mai hasken lesa wadda ta lalace, aka saye ta dala 14.83. Abin ya ba Omidyar mamaki har ya aika wa mutumin saƙo yana tambayarsa ko ya gane cewa ba ta aiki. Mutumin ya ce ya sani sarai, shi tara irinsu yake yi. To, Omidyar, wanda shi ne mai kayan, ya faɗi aibin kayansa har sau biyu. Yau miliyoyin mutane ne ke baje koli a wurin, kuma ba kowa ne Omidyar ba.

Ka kwatanta da shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Wayar tana hannunka, ka sa layi ka kira, ka jona caji, ka ɗauki hoto ka gani. In ta ba ka matsala gobe, ka san rumfar, ka san ubangidan yaron, akwai shugabannin kasuwa da za a kai wa ƙara. Dillali ma yana kiyaye sunansa domin a nan zai ci abinci gobe. A intanet duk wannan babu. Abin da ke hannunka hoto ne da 'yan layukan bayani, sai dokokin shafin masu tsawo waɗanda kusan ba mai karantawa. Shafin shi ne dillalin, amma dillalin da bai taɓa sa ido a kan kayan ba, in ka cire wasu 'yan kaya masu tsada irin agoguna da takalma da eBay ya fara tantancewa a 2020. Tasa la'ada ce, kuma tana shiga ko ka ji daɗin cinikin ko ka ciji yatsa.

Kada ku ce ƙazafi nake yi. Kamfanin Tiffany, mai ƙera kayan ado a Amurka, ya sa an sayo masa kayan azurfa masu ɗauke da sunansa daga eBay, ya bincika, ya tarar kusan kashi 73 cikin 100 jabu ne. Ya kai ƙara a 2004. A 2008 kotu ta wanke eBay, ta ce tunda yana cire kayan da aka nuna masa cewa jabu ne, farautar masu kwaikwayo aikin mai tambari ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2010. Kamfani mai tarin lauyoyi ke nan ya dawo hannu rabbana. Sai ka auna matsayinka, kai da ke Gusau ko Maraɗi da wayarka guda.

Kafin mu zo kan 'yan damfara, bari mu fara da asarar da mutum ke jawo wa kansa, domin a ganina ita ta fi yawa. A eBay mai kaya yakan sa wa'adi na kwana 1, 3, 5, 7 ko 10. Mai taya ba sai ya zauna yana ƙara sisi da kwabo ba. Zai rubuta iyakar abin da zai iya biya, na'ura ta ɓoye adadin, ta riƙa taya masa kaɗan-kaɗan. Idan ka rubuta dala 200 alhali tayin kowa ya tsaya a 120, za a nuna kai ne a gaba da 122.50, kuma kana nan a gaba har sai wani ya wuce 200 ɗin. Tsari ne mai kyau ga wanda ya san inda zai tsaya.

Amma ga yadda abin yakan kasance. Gwanjon da zai rufe da yamma a Amurka, a nan tsakar dare ne. Kana kwance, hasken waya a fuskarka, data na tafiyar hawainiya. Saura minti biyu, rubutun da ke cewa kai ne a gaba ya koma ja: an wuce ka. Da rana ka yi wa kanka alkawarin ba za ka haura 200 ba. Yanzu zuciya ta ce, kwana shida kana gadin kwamfutar nan, a kan dala biyar za ka bar wa wani? Ka ƙara, ya ƙara. Ka tashi zaune. Ka ƙara goma don ka karya masa gwiwa, shi ma ya ƙara. Agogo ya cika kana kan 265, shafin ya taya ka murna, ka kwanta kana jin ka kayar da wani wanda ko sunansa ba ka sani ba. Da gari ya waye ka ga irinta sak a wurin wani mai kaya, ya sa mata farashi a tsaye, 230, ba taya ba rigima.

Wannan ba ya faruwa ga bagidaje kaɗai. Wasu masana tattalin arziki biyu, Ulrike Malmendier da Young Han Lee, sun wallafa bincike a 2011 kan gwanjon wani wasan allo mai suna Cashflow 101 a eBay. Sun gano cewa a kashi 42 cikin 100 na gwanjon, wanda ya ci ya biya fiye da farashin da aka sa wa wasan a tsaye a cikin shafin a daidai lokacin. Tun kafin a san intanet, a 1971, wasu injiniyoyi uku na kamfanin mai na Atlantic Richfield sun lura cewa kamfanonin da ke cin gwanjon filayen haƙar mai a Tekun Meziko sukan ƙare da riba ƙasa da abin da suka yi zato. Dalilin a fili yake. Idan mutum goma suka kimanta abin da ba wanda ya san ainihin darajarsa, wasu za su rage, wasu za su zarce, kuma wanda ya fi kowa zarcewa shi ake sallama wa. Duk lokacin da ka ci gwanjo, ka tuna cewa sauran mutanen da suka ga kayan duk sun yanke cewa bai kai abin da ka biya ba. Wani lokacin kai ne ka fi su sani. Sau da yawa su ne.

Maganin ba wuya gare shi ba, riƙe shi ne aiki. eBay yana ba ka damar ganin farashin da aka riga aka sayar da irin kayan a baya. Shi za ka duba, ka bar abin da masu kaya ke fata. Ka yi lissafinka da rana, ka rubuta iyakarka sau ɗaya, ka kife wayar. Za ka ga akwai masu laɓewa har sai saura daƙiƙa biyar su jefa tayinsu su yi wuf da kaya, har da manhajoji na musamman don wannan. Dokar eBay ba ta hana ba, domin gwanjonsa yana rufewa ne a kan lokaci ba ƙari. Kada abin ya ɓata maka rai. In ɗan wuf ya wuce iyakarka, ya sayi abin da kai ka riga ka ce ba za ka saya a haka ba.

Sai kuma tayin ƙarya. Mai kaya ya buɗe wani asusu, ko ya sa abokinsa, su riƙa tayawa ba don su saya ba, sai don su tura na'urarka ta hau har ta kai iyakar da ka ɓoye. Littattafan fiƙihu suna kiran wannan najashi, kuma hadisi ya hana shi tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, abin da ke nuna muku cewa dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 2000 wani lauya a Sakramento mai suna Kenneth Walton ya sa wani zane a eBay, ya fara da santi 25. Ya ce a gwanjon tarkacen gida ya tsince shi, har ɗansa ya huda shi da keken wasa. Bai ce na wane ne ba, amma a kusurwar hoton ana ganin wasu haruffa da suka sa masu ganin sun waye suka ɗauka aikin shahararren mai zanen nan ne Richard Diebenkorn, kuma mai kayan bai san abin da ke hannunsa ba. Shi da abokansa suka yi ta tayawa da sunaye daban-daban har farashi ya kai dala 135,805. Ashe shi ya rubuta haruffan da hannunsa, ɗan ma babu shi. eBay ya soke cinikin, hukuma ta shiga, ya amsa laifinsa a 2001. Ku lura da ƙugiyar da ya sa: ya bar kowane mai taya yana jin shi ne zai cuci mai kaya. Yawancin tarkon gwanjo haka ake ɗana shi, banza ba ta kai zomo kasuwa. In ka ga wani sabon asusu yana bin kayan mutum ɗaya kawai, yana ƙara kaɗan-kaɗan sannan ya janye, ko ka ga kayan da aka ce an sayar jiya sun sake fitowa yau, ka kama gabanka.

Karanta bayanin kaya har ƙasa, kalma bayan kalma, in Turancin ya yi maka nauyi ka nemi wanda zai karanta maka. A ƙarshen 2013 wani matashi a Ingila ya biya fam 450 don na'urar wasan Xbox One, aka aiko masa da hotonta a takarda. Kalmar hoto tana cikin bayanin. Shi an mayar masa da kuɗinsa, amma ba kowa ke dacewa ba. Abin da ya fi kama namu yara shi ne wayar iPhone da aka kulle da asusun tsohon mai ita, ko kwamfutar wani kamfani mai kalmar sirri tun daga tushe, ko kayan da aka rubuta ƙarara cewa ba sa aiki, na cire sassa ne. Irin waɗannan su ne masu farashin da ke sa ido ya rufe.

Shaidar da masu saye ke bari a kan mai kaya, wadda eBay ya soma tun 1996, tana da amfani, amma a duba ta da kyau. Wani zai tara yabo ɗari da sayar da igiyar caji ta dala ɗaya, rana guda ya fito da kwamfutoci ashirin. Wani kuma asusun tsohon mutumin kirki ya sace yake fakewa da shi. A 2014 eBay ya nemi masu asusu kusan miliyan 145 su sauya kalmar sirri bayan an yi masa kutse. Ni ƙorafe-ƙorafen nake fara karantawa, da yadda mai kayan ya amsa su.

Yanzu ga lissafin da na ce. Da yawa daga masu kaya a Amurka da Turai ba sa aikawa Najeriya kwata-kwata, kuma kun san dalili: 'yan 419 sun riga sun shafa wa kowa baƙin fenti, mai gaskiya yana biyan bashin da bai ci ba. Don haka kuke amfani da kamfanonin da ke ba ku adireshi a Amurka ko Ingila, su karɓi kayan su tara su turo. Sai ka haɗa kuɗin kaya, da kuɗin aikawa zuwa wannan adireshin, da harajin saye na jihar da yake, da kuɗin kilo zuwa Legas ko Kano, da kuɗin fito, da abin da banki ko ɗan canji zai ci. Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa muku ba. Lamunin mayar da kuɗi na eBay kwana 30 ne, daga ranar da kaya suka isa adireshin da ka bayar yake fara ƙirga, kuma dokarsa ta ce ba ruwansa da kayan da aka sake turawa ta hannun wani kamfani. Ke nan lokacin da akwatin zai iso hannunka ka ga gilashin a tsage, mai kaya zai ce lafiya ya bayar, mai jigila zai ce haka ya karɓa. In kamfanin jigilar yana da tsarin buɗe kaya ya ɗauki hoto ya kunna, ka biya wannan ɗan kuɗin ba tare da ƙyashi ba.

Maganar mota ita ce mai nauyi, domin a nan jarin gida gaba ɗaya ke nutsewa. Manyan gidajen gwanjon mota na intanet a Amurka su ne Copart da IAA, kuma yawancin abin da suke sayarwa motoci ne da kamfanonin inshora suka ga gyaransu ya fi kuɗinsu: masu haɗari, waɗanda aka sace aka gano, waɗanda ƙanƙara ta dake, waɗanda ambaliya ta cinye. Ana sayar da su ne yadda suke, a inda suke, ba mayarwa. Alamar da za ka gani cewa mota tana tashi tana tafiya, abin da take nufi kawai shi ne ranar da aka shigo da ita fili ta tashi, ta shiga giya, ta ɗan matsa gaba. Ba ta ce komai ba game da ranar da za ta iso tashar Tin Can a Legas. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma dillalan da suka daɗe a harkar suna cin riba ne don sun san irin ɓarnar da ke gyaruwa da wadda ba ta gyaruwa.

Wadda ba ta gyaruwa ita ce ta ruwa. Bayan guguwar Harvey da ta nutsar da birnin Houston a watan Agusta na 2017, dubban ɗaruruwan motoci ruwa ya shanye, kuma filayen gwanjo ne makomar da yawansu. Irin wannan motar ranar da ta iso fenti na sheƙi, kujeru kamar ba a taɓa zama ba. Bakanike mai wayo ba ya ɓata lokaci a kan fenti. Zai zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ya nuna maka shatin ruwa a jikinsa, ya ɗaga kafet ya shafo busasshiyar laka da yatsa, ya leƙa ƙarƙashin kujera inda ƙarafa suka yi tsatsa, ya buɗe gidan safayar taya ya ce ka sunsuna. Ruwa, musamman mai gishiri, a hankali yake cin wayarin. Watan farko lafiya lau. A na uku gilashi ya ƙi sauka, fitilun gaban direba su kama ƙyaftawa, ƙwaƙwalwar motar ta rikice, kai kuma ka riga ka sayar wa maƙwabcin da ya yarda da kai. In ta zo maka da aibi, ka faɗa wa wanda zai saya. An cuce ka ba hujja ba ce ta ka miƙa cutar gaba.

Kowace mota tana da lambar VIN mai harafi da alƙalami 17. Ka sa ta a bincike, ka biya kuɗin rahoton tarihinta irin na Carfax, ka nemi tsofaffin hotunanta. Akwai masu sayen mota da ta yi raga-raga, su ɗaura mata bamba da fitila, su mayar da ita gwanjo kamar ɗan taɓi ne ya same ta, shi ya sa ƙwararru suka fi son wadda kamfanin inshora ne da kansa ya kawo. Ka duba irin takardar mallakar da ke tare da ita, domin kwastan ɗin Amurka ba sa barin mota ta fita ba tare da ita ba. A kan farashin da ka ci za a ɗora kuɗin gidan gwanjo, da na tayi ta intanet, da na fitar da mota daga fili, da la'adar dillalin da ya taya maka da lasisinsa, da kuɗin ajiya na kowace rana in ka yi jinkirin ɗauka. Sannan a ɗauko ta a tirela zuwa tashar jirgin ruwa, wadda in motar tana tsakiyar ƙasar tafiya ce mai nisan gaske, sannan kuɗin jirgi, sannan fito. A Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, lamarin da ya taɓa tsohuwar hanyar Kwatano. Kuma duk waɗannan watannin naira ba ta tsaya jiranka ba. A farkon Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,400, kuma kuɗin fito da farashin dala ake lissafa shi. Wanda ya ci gwanjo da lissafin da, ya tarar da wani lissafin daban yana jiransa a tasha.

Kusa da gida, hukumar kwastan ta Najeriya ta buɗe nata shafin gwanjo na intanet a 2017 don kayan da aka kama da waɗanda suka daɗe a tasha, kuma sai da lambar biyan haraji ake rajista. Wannan gaskiyar ita 'yan damfara suka hau. Za ka ga hoton mutum da kaki a Facebook ko WhatsApp, da jerin motoci a rabin kuɗinsu, a ce ka tura kuɗin fom zuwa asusun wani mutum. Hukumar ta sha fitowa tana cewa ba ta gwanjo ta kafafen sada zumunta. Haka ma a eBay, bayan ka faɗi a gwanjo sai saƙo ya zo cewa wanda ya ci ya fasa, a sallama maka, amma ka biya ta Western Union ko katin kyauta. Damar sake tayi tana nan da gaske, sai dai a cikin shafin take fitowa. Duk wanda ya ce ku koma gefe ku ƙarasa don a kauce wa la'ada, yana raba ka ne da 'yar kariyar da kake da ita.

Akwai wasu shafukan da kowane tayi sai ka biya kuɗi, farashi ya hau da santi ɗaya, agogo ya koma baya. Swoopo na Jamus ne ya yi suna da wannan kafin ya durƙushe a 2011. A Amurka santi 60 yake karɓa kan kowane tayi. Yi lissafi: talabijin da ta rufe a dala 50, tayi 5,000 aka yi, mai shafi ya kwashi dala 3,000 daga mutanen da duk in ban da ɗaya ba su tafi da komai ba. Ni caca nake kiran wannan, kuma ba zan ɓata muku takarda a kai ba.

Mai sayarwa shi ma da nasa kukan, musamman ku da ke karatu ko zama a Ingila da Amurka kuna juya 'yan kaya. A Amurka eBay yana ɗaukar sama da kashi 13 cikin 100 a yawancin kaya, kuma a kan jimilla yake ɗauka, har da kuɗin aikawa da haraji. Sabon mai sayarwa ana iya riƙe masa kuɗi makonni. In ka fara da santi 99 don ka jawo jama'a, jama'ar ba su zo ba, dole ka sallama a abin da ya tsaya, sai fa in ka biya an sa maka ɓoyayyen farashin da ba za a sayar ƙasa da shi ba. Wani zai ci gwanjo ya yi shiru, ka jira kwana huɗu kafin a ba ka damar sokewa, ka koma farko. Tun 2008 eBay ya hana masu sayarwa rubuta mummunar shaida a kan masu saye, alhali su suna iya rubutawa a kanka. Ko ka rubuta cewa ba ka karɓar mayarwa, da zarar mai saye ya ce kaya ba yadda aka bayyana suke ba, za a tilasta maka. Yawancin mutane masu gaskiya ne, amma akwai wanda zai karɓi wayarka mai lafiya ya dawo maka da tasa matacciya. Don haka ka rubuta lambar jikin kaya, ka ɗauki hoton kowane ɗan ƙarce, ka aika ta hanyar da ake bin sawu, in kuɗin ya kai dala 750 ka sa sai an rattaba hannu. Ka aika zuwa adireshin da ke cikin odar kawai, ko da mai saye ya roƙe ka cewa ya tashi daga gidan. Imel da ke cewa an biya ba biya ba ne, daidai yake da alat na bogi. Ka shiga asusunka ka ga kuɗin da idonka. Wanda ya ce ya turo fiye da kima bisa kuskure, ka mayar masa da ragowar, tsohuwar dabara ce.

Ku da ke gida kuna son sayar da jakar fata ko hula ga mutanen waje, ƙofar ta fi ƙunci. Lokacin da PayPal ya shigo Najeriya a 2014, biya kawai ya ba mutane dama, ban da karɓa, kuma haka aka yi shekaru. Shi ya sa wasu ke aron asusun ɗan'uwa a waje ko su sayi na wani. Ban ba ku shawarar haka ba. Ranar da aka nemi katin shaida aka ga suna ya saɓa, a rufe asusun da kuɗin a ciki, ka jawo wa ɗan'uwanka matsalar haraji, zumunci kuma ya yi tsami.

In rigima ta taso, ko kai ka saya ko kai ka sayar, ka bar duk magana a cikin akwatin saƙon shafin, domin shi kaɗai masu raba gardamar ke karantawa. Ka rubuta gajere, da hotuna, ba zagi. Ka buɗe akwatin kaya kana ɗaukar bidiyo tun daga takardar adireshi. Ka ƙirga ranaku: eBay kwana 30 ne, kuma idan ka kai ƙorafi mai kaya bai warware ba cikin kwanakin aiki uku, kana da damar neman eBay ya shigo. Mai kaya maras gaskiya ya san waɗannan ranakun fiye da kai. Zai yi ta lallashinka da daɗin baki, ya ce ya sake aiko wani, ka ƙara haƙuri mako guda, har wa'adi ya wuce. Ko ya ce ka rufe ƙorafin tukuna, na'urarsu ba ta barin a mayar da kuɗi sai an rufe. Ƙarya yake. Kada ka rufe sai kuɗi sun shigo, domin ƙorafin da ka rufe da hannunka ba a sake buɗe shi.